Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Bushiyata Take Huci?

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan dabba guda, wato bushiya. Wadda ake kiwo a keji a Amurka da Turai da Japan, wadda masana ke kira Atelerix albiventris, ita ce dai tamu ta nan, wadda ake samu tun daga Senegal har Sudan da gabashin Afirka, yara kuma ke tsintar ta a bakin gona da damina. Nauyinta yakan kama daga giram 300 zuwa 600, kuma yatsu huɗu gare ta a ƙafar baya. Yanzu kiwonta ya fara shiga wasu gidaje a biranenmu, ga kuma tambayoyin da suka biyo baya.

Tambaya daga wata mai karatu a Kaduna: Assalamu alaikum. Mako biyu ke nan da na sayi bushiya a wajen mai kiwonsu. Da na kai hannu sai ta dunƙule ta kama huci, har tana zabura tana soka ni. Tsana ta take yi, ko ba ta da lafiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, ba tsanar ki take yi ba, tsoro ne. Bushiya ba ta da gudun da zai fisshe ta, ba ta da farce ko haƙorin da za ta kara da dila ko mujiya. Abin da Allah ya hore mata shi ne ƙayoyi dubbai a gadon baya, da wata tsoka da ta zagaye jikinta daidai inda ƙaya ta ƙare gashi ya fara. In ta firgita sai tsokar nan ta tsuke kamar an ja zariyar wando, kai da ƙafafu da ciki su shige, ƙayoyin su miƙe suna giciye da juna. Hucin kuwa iska ce take fesowa ta hanci da ƙarfi, a gajarce a gajarce, don abin da ya tunkaro ta ya yi tsammanin ta fi haka girma da haɗari.

In kika zuba mata ido za ki ga abin hawa-hawa ne. Da farko takan sauko da ƙayoyin goshi su rufe mata ido, tana nan tsaye da ƙafafunta. Wannan shakka ce kawai. In abin bai gushe ba sai huci ya biyo, jiki yana karkarwa. Daga nan sai wata ƙara mai kama da ƙyas-ƙyas, tana zabura sama da gaba don ta kai wa hannu ko hancin abokin gaba suka. Ƙarshe shi ne ta dunƙule gaba ɗaya, ba a ganin ko hanci. Wanda ya san matakan nan yakan tsayar da hannu tun a na farko, ya ba ta daƙiƙa kaɗan ta shinshina, kuma sau da yawa maganar a nan take mutuwa.

Me ke tayar da ita? Ganinta ba shi da ƙarfi, da hanci da kunne take rayuwa. Hannun da ya sauko mata daga sama, a wurinta inuwar mujiya ce, domin manyan mujiyoyi na cikin 'yan dabbobin da ƙayarta ba ta hana su cin ta. Ƙamshi ma haka: yau kin zo da turare, gobe da ƙaurin albasa, jibi kin shafa kyanwa kafin ki iso, to a hancinta mutum uku ne suka zo. Sai kuma ƙara. Tsaki, tafi, ƙarar leda, bugun ƙofa, ƙarar waya, duk suna sa ta zabura. Kada ma ki ce mata "shhh" da nufin lallashi, don wannan sautin ya fi komai kama da hucin wata dabba. Na ƙarshe shi ne lokaci. Dabbar dare ce, wuni take tana barci, kuma duk wadda aka tasa da azahar da huci za ta tashi.

Mako biyu a sabon gida bai kai a damu ba. Wasu sukan saki jiki cikin wata guda, wasu sai sun yi wata uku ko fiye. Akwai kuma waɗanda halinsu ke nan har tsufa: su yi hucin minti ɗaya in an ɗauke su, sannan su warware su ci gaba da harkarsu. Kada ki haɗa wannan da ɗan sautin shinshine-shinshine da take yi a hankali in tana yawo, ƙayoyi a kwance, hanci yana motsi. Wannan alamar hankalinta a kwance yake.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: To yaya ake sabar da ita da hannu? Ni safar hannu ta fata nake sawa saboda suka.

Amsa: Ɗan'uwa, fara da cire safar nan. Tana ɓoye ƙamshinka, ita kuma da ƙamshi za ta san ka. Ga shi kuma ba ka jin irin matsar da kake mata. In sukar ce ke damun ka, ɗauki wani ƙyalle mai laushi, irin yankin bargo marar zare a baki, ka riƙa ɗaukar ta da shi.

Samu tsohuwar singileti da ka wuni ko ka kwana da ita, ba a wanke ba, ka sa mata a inda take kwana. Ka duba kada a samu zare mai lilo, don yakan naɗe mata yatsa. Ka sauya ta bayan kwana uku ko huɗu. Da haka ƙamshinka zai zama ƙamshin wurin da take samun natsuwa.

Lokacin ɗauka shi ne bayan magariba ko isha, sa'ad da ta farka da kanta. Rage hasken ɗaki. Wanke hannu da sabulu iri ɗaya kullum, marar ƙamshin 'ya'yan itace, don kada ta ɗauka abinci ne ta kai cizo. Yi mata magana ƙasa-ƙasa kafin ka buɗe kejin. Sannan ka tura tafukan hannunka biyu ta gefe da gefe, a ƙasa, su haɗu a ƙarƙashin cikinta, ka ɗaga ta gaba ɗaya ba tare da ɗari-ɗari ba. Nauyinta in ya bazu a kan tafi biyu, sukar ba ta da wani zafi. Abin da za ka kiyaye shi ne kada yatsanka ya shiga tsakiya lokacin da take tsukewa, don nan ne ake jin jiki.

Ɗora ta a cinya, ka rufa mata ƙyallen, ka kama karatunka. Kada ka shafa ta, kada ka yi ƙoƙarin ɓanɓare ta da ƙarfi, kada ka jefa ta cikin ruwa wai don ta buɗe. Minti 30 kowane dare ya fi awa uku ranar Asabar kaɗai. Za ka ji hucin yana raguwa, sai hanci ya leƙo, sai ƙafa ɗaya. A daidai nan ne za ka miƙa mata wani abin marmari, kamar gyare ɗaya ko ɗan tsinken dafaffen naman kaza marar gishiri. In ta fara yarda da shafa, bi ƙayoyin daga tsakiyar baya zuwa ƙasa, ka bar goshi da fuska sai can gaba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya mayar da ita keji da zarar ta yi huci. In aka yi haka sau biyar, ta koyi cewa huci ne ke kore mutum, gobe sai ta ƙara. Jira har ta lafa, ko da na minti biyu ne, sannan ka mayar.

Ka kuma duba kejin kansa. Ya kai aƙalla santimita 60 a faɗi da 90 a tsawo, ƙasansa shafaffe ba raga ba. A samu ɗan akurkin ɓuya mai duhu, don bushiyar da ba ta da maɓoya kullum a tsorace take. A sa mata kuma abin gudu mai juyawa, shafaffe marar ramuka, mai faɗin santimita 28 zuwa 30, domin a daji tafiya mai nisa take yi kowane dare wajen neman ƙwari. Kejin ya yi nesa da talabijin da janareta da inda kyanwa ke kwanciya.

Tambaya daga wata uwa a Kano: Bushiyarmu 'yar mako takwas ce. Da tana da daɗin sha'ani, yanzu ko taɓa ta aka yi sai huci, ga ƙayoyi muna tsinta a cikin keji.

Amsa: Hajiya, a wannan shekarun abin da ya fi yiwuwa shi ne sauyin ƙaya. Daga wajen mako shida zuwa wata uku, wani lokaci har ya ɗan zarce, ƙayoyin yarinta suna zubewa, manya masu kauri suna huda fata suna fitowa. Fatar takan yi tsami, shi ya sa take ƙin a taɓa bayanta. A ci gaba da ɗaukar ta kullum, amma a daina shafa. Yakan wuce cikin makonni.

Sai dai a tabbatar ba ƙazuwa ba ce, don ita ma tana zubar da ƙaya. Ga yadda za a bambance. A ware ƙayoyin a hankali a ƙarƙashin fitila mai haske. In sauyin ƙaya ne, za a ga kawunan sababbi suna ɓullowa, kuma babu wurin da ya yi sanƙo. In ƙwayoyin ƙazuwa ne, za a ga ɓawo fari ko ruwan ƙasa a gindin ƙayoyi da kewayen ido da kunne, fata tana ɓarewa, gefen kunne ya yi kaushi, tana yawan susa, wasu wurare kuma sun zama fili. In aka goge ta a kan baƙin ƙyalle, wani lokaci akan ga 'yan fararen ɗigo suna motsi. Akwai kuma makero, wanda kamanninsa ɗaya da wannan, kuma yana kama mutum. In wani a gidan ya fara ƙaiƙayi da jan zobe a hannu, a gaya wa likita cewa akwai bushiya a gida.

Maganin ƙazuwa na likitan dabbobi ne. Yakan kankari fata ya duba a madubin likita, sannan ya ba da magani irin selamectin da ake ɗigawa a fata, gwargwadon nauyinta, a maimaita bayan wasu makonni, a kuma zubar da shimfiɗar keji a wanke shi tas. Dabbar da ba ta kai rabin kilo ba, magani in ya yi mata yawa yana iya zama guba, don haka kada a auna da ka. Kada a kusance ta da fiya-fiya, kananzir, baƙin mai, ko maganin kaskar shanu. Waɗannan kashe ta za su yi kafin su kashe ƙwarin. In fatar ta bushe ne kawai, a yi mata wanka da ruwa mai ɗumi wanda zurfinsa bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, a bi ƙayoyin da buroshin haƙori mai laushi, a tsane ta sosai a tawul. Sau ɗaya a wata ya isa, yawan wanka ƙara busar da fata yake.

Tambaya daga wani ma'aikaci a Abuja: Shekararta uku, ta saba da ni sarai. Kwanan nan ta koma huci in na ɗauke ta, abincin ma ta rage ci.

Amsa: Malam, wannan wasiƙar ta fi sauran tayar mana da hankali. Hucin sabuwar bushiya tsoro ne, amma wadda ta saba sannan ta sauya hali rana tsaka, a ɗauka ciwo ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Dabba ce mai ɓoye rashin lafiya, kuma a keji yawancinsu shekara huɗu zuwa shida suke yi, don haka mai shekara uku ta fara manyanta.

Fara da baki. Ciwon haƙori da dasashi ya yi yawa a cikinsu, haka ma ƙari a baki bayan shekara uku. Alamominsa su ne dalalar miyau, warin baki, kumburi a gefe ɗaya na fuska, tauna da gefe guda, ko ta ɗauki abinci ta yar. Wani lokaci ma ɓarin gyaɗa ne ko wani abu mai tauri ya maƙale mata a ganɗa, shi ya sa ba a ba su gyaɗa. Sai ƙafafu: gashin kan mutum ko zare yakan naɗe yatsa ya datse jini har yatsan ya kumbura ya yi baƙi, farce kuma in ya yi tsawo yakan lanƙwashe ya shige tafin ƙafa. Hanya mai sauƙi ta ganin ƙasanta ita ce ka sa ta a cikin roba mai garai-garai ka leƙa ta ƙasa. Shimfiɗa mata farin ƙyalle kwana ɗaya ka duba fitsari da kashi. Jini a fitsarin mace yakan nuna ciwon mahaifa ko na mafitsara, koren kashi mai yauƙi kuma ciwon ciki. Ka lura da tafiyarta ma, domin akwai wata cutar jijiya da ke fara musu da tangaɗi a ƙafafun baya.

Riƙa auna ta a sikelin kicin sau ɗaya a mako kana rubutawa. In ta rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinta, misali daga giram 400 ta koma 360, ko ta yi kwana ɗaya zuwa biyu ba ta ci ba, a tafi asibitin dabbobi ba jira. Kada ka yi mamaki in likita ya ce sai ya shaƙa mata iskar sa barci kafin ya duba ta, don dunƙulalliyar bushiya ba ta dubuwa. Kada kuma a ba ta farasitamol ko wani maganin mutane.

Tambaya daga wani mai karatu a Jos: Da hunturu tawa takan yi sanyi, ta ƙi motsi, numfashinta kuma yana wata ƙara ko ba a taɓa ta ba. Shi ma hucin ne?

Amsa: A'a, Malam, wannan daban ne. Huci yana da dalili a waje: ka matso ta yi, ka ja da baya ta daina, ƙayoyi kuma a miƙe. Ƙarar da ke fita tare da kowane numfashi, tana kwance ita kaɗai, ga atishawa, majina, yawan lasar hanci ko numfashi da baki a buɗe, ciwon ƙirji ne, kuma yakan rikiɗe ya zama namoniya cikin 'yan kwanaki. Lafiyayyar bushiya tana numfashi sau 25 zuwa 50 a minti, ba tare da wahala ba. Wannan aikin likita ne, da gaggawa.

Sanyin ne ya jawo. Ta fi son zafin da ke tsakanin digiri 24 da 29 a ma'aunin Salshiyas. In ya sauka ƙasa da 18 zuwa 20, jikinta yakan fara mutuwa, cikinta ya yi sanyi, tana tangaɗi, garkuwar jikinta kuma ta yi rauni. Daren Jos a Disamba da Janairu yana sauka ƙasa da haka nesa ba kusa ba. In ka same ta a wannan hali, sa ta cikin rigarka a jikin fatarka, ko ka naɗe gorar ruwan ɗumi a tawul ka ajiye kusa da ita, ta ɗumama a hankali. Kada a tsoma ta a ruwan zafi, kada a kai ta bakin gawayi. In awa ɗaya ta wuce ba ta farfaɗo ba, sai asibiti. Rataya ma'aunin zafi a jikin kejin, ka ɗaga shi daga kan siminti, ka toshe inda iska ke shigowa, ka ƙara mata ƙyallaye.

Masu karatu na Sakkwato da Maiduguri, naku akasin haka ne. Da bazara, in ɗaki ya haura digiri 30, za ku gan ta ta baje a kan ciki tana haki. A mayar da ita ɗaki mafi sanyi, a sa mata fale-falen tayil ta kwanta a kai, ruwan sha kuma kada ya yanke. Hayaƙin maganin sauro da turaren wuta da garin katako mai ƙura duk suna tayar mata da ciwon hanci, a raba ta da su.

Tambaya daga wata ɗaliba a Katsina: Ta lashi hannuna, sai ta fara kumfa a baki tana murɗe jiki tana shafa wa bayanta. Haukan kare ne?

Amsa: Kwantar da hankalinki. Ɗabi'arsu ce in sun ci karo da sabon ƙamshi ko ɗanɗano: su tauna, su tara kumfar miyau, su shafe ƙayoyinsu da ita. Minti kaɗan ne ta gama. Ki dai janye hannu in ta fara lasa, don cizo ne ke biyo baya.

Tambaya daga wani manomi a Funtuwa: Yarana sun kamo wata a gona, bayan kwana huɗu ta haihu 'ya'ya huɗu. Yanzu huci take ko kusa da kwalin aka je.

Amsa: Malam, a ja yaran baya yau ɗin nan. Uwar da aka dama takan yi watsi da 'ya'yanta, ko ma ta cinye su. Cikinsu kwana 34 zuwa 37 ne, don haka da cikinta aka kamo ta. A bar kwalin a wuri mai duhu da shiru, kada a taɓa 'ya'yan, kada a sauya shimfiɗa, kada a riƙa leƙe har mako biyu, lokacin da idanunsu ke fara buɗewa. Mutum ɗaya ya riƙa ajiye abinci da ruwa da daddare ya tafi. A ba ta busasshen abincin kyanwa, ta ci iya cinta tunda tana shayarwa, da dafaffen ƙwai da ƙwari irin su gyare da fara, amma ba daga gonar da aka yi wa feshi ba, ba kuma soyayyiyar fara mai yaji ba. Kada a ba ta madara ko nono, gudawa suke sa ta.

'Ya'yan sukan bar nono a mako biyar zuwa shida. Ra'ayinmu shi ne daga nan a mayar da su duka inda aka kamo uwar, da magariba, kusa da wata duhuwa. Babbar bushiyar daji da wuya ta saba da hannu, ga ƙuma da kaska da take ɗauke da su, kuma a gona ta fi amfani, inda take cinye ƙwari da tsutsotsi. Waɗanda ake gani a hotuna suna kwance a tafin hannu, an yi zuriya da zuriya ana haifar su a keji. Amurka ma tun 1991 ta hana shigo da su daga Afirka saboda tsoron cutar ciwon baki da kofato ta shanu, galibin na can haifaffun can ne.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Maraɗi: Yara ƙanana za su iya wasa da ita?

Amsa: Malama, da sharaɗi. Bushiya tana iya ɗaukar ƙwayar salmonela a kashinta ba tare da ta nuna alamar ciwo ba, kuma tana taka kashin ta bi ko'ina da shi. A 2019 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta gargaɗi masu kiwonta da su daina sumbatar ta, bayan mutane a jihohi da dama sun kamu da zazzaɓi da gudawa ta dalilinta. 'Yan ƙasa da shekara biyar, tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki su tsaya a kallo. Manyan yara su zauna a ƙasa kafin a miƙa musu, domin in ta zabura ta soke su sakin ta za su yi, faɗuwa daga tsayin ƙugu kuma tana iya karya mata ƙafa. A wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa, kwanukanta da abin gudunta kuma a wanke su a waje, ba inda ake wanke kwanukan abinci ba.